Sau uku ana bani gwarzon malami, albashi ko kwabo bai motsa ba

Assalamu alaikum Kawu, dan Allah a sakaya sunana. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi, shekarata tara a wajen. Shekara uku kenan a jere ana bani gwarzon malami na shekara, ranar bikin yaye ɗalibai a kirani gaban iyayen yara a miƙo min allon gilashi mai sunana a ɗauki hoto a tafa, shikenan kowa ya watse. Albashina dubu 58 ne tun kafin a cire tallafin mai, sau biyu ina rubuta takardar neman ƙari mai makarantar yana cewa in ƙara haƙuri. Maiɗakina har tsokanata take, ranar da ba kuɗin cefane sai tace to gwarzo a sauko da allon mu dafa. Bana ma naji ƙishin-ƙishin ni za'a sake bawa, ni kuma wallahi na yanke shawarar in aka kirani zan karɓi abin magana in ce na gode bana so, a bani haƙƙina kawai. Abokina yace hauka zan yi. Meye shawararka?

Wa alaikumussalam Malam. Kafin komai ka gaida min maiɗakin nan taka, don ni dai maganarta ta bani dariya har sai da na ajiye wayar, kuma gaskiya ta faɗa, allon gilashi baya dahuwa. Amma abokinka shima yana da gaskiya, kada ka kuskura kayi abin nan a gaban taro. Bari in faɗa maka dalili, kuma ba wai don haƙuri ko tsoron mai makaranta ba, a'a, don asara zaka yi ta kayan da ke hannunka wanda baka ma san kuɗi bane.

Nasan abin da ke maka yawo a kai, kana hango kanka ka tsaya ka faɗi gaskiya fili ya yi tsit. An taɓa yin irin haka a ƙasar nan, Chinua Achebe ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta CFR har sau biyu, a 2004 lokacin Obasanjo da kuma 2011 lokacin Jonathan, duniya ta ɗauka aka yi ta magana. To amma duba ka gani, shi sunansa ya riga ya fi lambar girma, yana zaune a Amurka yana koyarwa a jami'a, ba gwamnatin Najeriya ke biyansa ƙarshen wata ba. Kai fa? Wanda zaka kunyata gaban iyayen yara shine dai zai sa hannu a albashinka na watan gobe, kuma iyayen da ke zaune a wajen ba zasu koma gida suna cewa kai an zalunci Malam ba, cewa zasu yi malamin nan baida ɗa'a ya ɓata wa yaranmu biki. Ranar ta yara ce, uwa ta ɗinka wa ɗiyarta anko ta gayyato dangi, ba wanda yazo sauraron ƙorafin albashi.

Tunda kai malamin lissafi ne zo mu zauna a kujerar mai makarantar muyi lissafinsa. Ace ya ƙara maka dubu 20 a wata, a shekara dubu 240 kenan, kuma ba a nan take tsayawa ba don albashi baya ɓoyuwa a ɗakin malamai, kafin azahar kowa ya ji, in ku talatin ne kowa yace shima sai an masa, abin ya koma miliyan 7 da dubu 200 duk shekara, kuma albashi in ya hau baya sauka. Allon gilashi kuwa ace ya ci masa dubu 15 ko 20 a wajen masu buga kati, sau ɗaya tak a shekara, kuma ba wanda zai iya zuwa yace nima a bani tunda dama gwarzo ɗaya ne. Kaga ashe ba wawa bane, ya samu hanyar da yake riƙe malaminsa mafi ƙwazo da kuɗin da bai kai buhun shinkafa ba, shekara uku kuma tana masa aiki.

Sai dai kada ka ɗauka daga nan cewa allon romon baka ne kawai. Mu Hausawa ai mun fi kowa sanin yabo kaya ne mai farashi. Je gidan biki ka tsaya kusa da maroƙi ka kalli wa ke biyan wa, shi baya da komai sai baki, ya kama sunan Alhaji ya haɗa da na kakansa ya wasa shi, sai kaga hannu ya tafi aljihu da kansa, wanda aka yaba shi ke fidda kuɗi. Attajiri zai kashe miliyoyi wajen naɗin sarautar da ba ko sisin albashi a cikinta, dawaki, abincin baƙi, makaɗa, tukwicin dogarai, duk don a naɗa masa rawani a riƙa kiransa da wani suna. Ba namu bane mu kaɗai, Napoliyon na Faransa a 1802 ya ƙirƙiro lambar girmamawar da ƙasar ke bayarwa har gobe, ana ma cewa da aka yi masa gorin kayan wasan yara ne sai ya amsa da cewa ai da irin kayan wasan ake jan ragamar maza. Akwai wani masanin tattalin arziki ɗan Suwizalan, Bruno Frey, da ya daɗe yana nazarin abin nan, hujjarsa itace lambar yabo tana yin abin da kuɗi basa iyawa: ana bada ita a bainar jama'a, albashi kuwa a ɓoye yake shiga asusu, tana ƙulla zumunci tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, sannan ana iya bada ita akan aikin da ba'a iya aunawa, kamar haƙurin da kake yi da yaron da sai an maimaita masa sau biyar.

Wani gwaji da aka yi a Lusaka ta ƙasar Zambiya yana burgeni. Wasu masu bincike uku, Nava Ashraf da Oriana Bandiera da Kelsey Jack, suka ɗauki ɗaruruwan masu gyaran gashi da masu aski aka basu kayan kariya daga cutar ƙanjamau su riƙa sayar wa kwastomominsu. Aka kasa su huɗu, wasu ba'a basu komai, wasu ana basu ƴar riba kaɗan, wasu riba mai kauri akan kowane ƙunshi, kaso na huɗu kuma ba kuɗi ko kwabo sai wata takarda da aka manna a bangon shago, duk wanda ya sayar a liƙa masa tauraro kowa ya shigo ya gani. Bayan shekara guda ƴan tauraron nan sun sayar da ninki biyu na abin da sauran suka sayar, har da masu riba mai kaurin. An buga sakamakon a 2014. Masu kamfanoni suna son labarin nan ƙwarai, amma akwai inda suke tsallakewa, kuma nan ne ya shafeka. Mutanen nan ba da tauraro suke ci da iyalinsu ba, kitso da aski ke ciyar dasu, kayan ma masu araha ne ribar duk kaurinta bata taka kara ta karya ba. Wato tauraron akan cikakken ciki ya sauka. Kai kuwa an ɗora maka naka akan yunwa, shi yasa abin da ya faranta maka rai a shekarar farko (kada ka musa, nasan ka sa hoton a sitatus) yanzu ya koma kamar zagi.

Kuma abin yana iya juyewa ya cuci mai bayarwar ma. A Amurka wani kamfanin wankin kaya ya fito da tsarin karrama duk wanda bai makara ba bai yi fashi ba a wata, a kira sunayensu sannan a yi ƙuri'a ɗaya ya ci katin sayayya na dala 75. Da masu bincike suka bi diddigi sai suka tarar masu makara sun rage, amma wasu sun gano dabara, in mutum yaga zai makara sai ya bugo waya yace baida lafiya don kada ya fita daga layi. Abin mamakin shine tsofaffin ma'aikatan kirki waɗanda dama basa makara ba tare da an basu komai ba, su aikinsu ya ja baya da kashi 6 zuwa 8 cikin 100, kamar dai sun ji haushin yau ana tafa wa mutum akan abin da su suka shekara suna yi ba wanda ya kula. Ga wani kuma daga fagenku na makaranta, a Kalifoniya an gwada da ɗalibai sama da dubu 15, waɗanda aka aika wa takardar yabo bagatatan saboda sun yi wata guda basu yi fashi ba sai suka ƙara yawan fashi a watan da ya biyo, yaro ya fahimci ashe na wuce abin da ake nema, bari in sassauta. Na kawo maka waɗannan ne don ka leƙa ɗakin malamanku da idon basira. Shekara uku mutum ɗaya, ga ta huɗu na tafe, kana ganin malamar Turancin nan da take kwana tana makin har yanzu tana tafa maka da zuciya ɗaya? Ina tantama. Kyautar da kowa ya san mai ita tun kafin a buɗe ambulan ta daina zaburar da kowa, har kai ɗin.

Lambar yabo kamar naira take, in aka buga da yawa sai ta karye. Tun 1964 ake da dokar lambobin girmamawa ta ƙasa, su MON da OON har zuwa GCFR, a watan Oktoban 2022 kaɗai Buhari ya raba wa mutum sama da 400 a zama ɗaya, kai ma ka faɗa min sunan goma daga cikinsu in ka iya. Ita kanta gwamnati ta san lambar ita kaɗai bata isa, shi yasa da ƴan matan Super Falcons suka ci kofin Afirka a Maroko a Yulin 2025 ba OON kawai Tinubu ya basu ba, ya haɗa da alkawarin kwatankwacin dala dubu 100 da gida mai ɗaki uku ga kowacce. Ni kaina a wayata akwai saƙon wata ƙungiya da ban taɓa jin sunanta ba, wai sun zaɓeni gwarzon mai faɗakar da al'umma, na fara washe baki sai na kai ƙasan takardar naga ana neman gudunmawar tebur da kuɗin buga hotona a mujallar taro. Nace musu Allah ya bada sa'a. Irin wannan ko a kyauta bata da amfani don duk wanda ya gani ya san saya aka yi.

Taka ba irin wannan bace, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Ba ka saya ba, ba ka roƙa ba, mutumin da ya fi kowa sanin aikinka kuma ya fi kowa amfana da ɓoye darajarka shine ya tsaya gaban ɗaruruwan iyaye har sau uku ya ce duk makarantar nan ba kamarka. Ya bada shaida akan kansa, kuma ba zai iya janyewa ba. A Faransa akwai wata babbar kyautar adabi, Goncourt, tun 1903 ake bada ita, kasan nawa ne kuɗinta? Yuro 10. Da yawan waɗanda suka ci basa ma kai cakin banki, firam suke masa su rataye. Amma galibi littafin da ya ci sai an sayar da dubban ɗaruruwa, kuɗin ba daga hannun masu bada kyautar yake fitowa ba, daga masu kallo yake fitowa. Kuskurenka na shekara uku shine ka zuba wa hannun mai makaranta ido kana jiran allo ya haifi albashi, ka manta da mutanen da ke zaune a kujerun roba suna tafi. A cikinsu akwai uban da ɗansa zai zana WAEC ko NECO bana kuma lissafi ke hana shi barci, akwai matar da ƙaninta ke da makaranta a wata unguwa yana neman malamin lissafi ido rufe. Malamin lissafi mai kyau ba a kan titi ake tsintarsa ba, kai ka fini sani.

To ga abin da nake ganin zaka yi. Kada ka jira ranar biki, kuma ka daina rubuta takarda, takarda a durowa take kwana. Nemi ganinsa ku biyu a ofis yanzu, kafin a buga sunanka a gilashi, lokacin da yake buƙatar ka hau dandamali kana murmushi. Ka fara da godiya ta gaskiya, yaba kyauta tukwici, kace Yallaɓai karramawar nan ta shekara uku ba ƙaramin abu bace a wajena. Sannan ka ajiye masa lissafi a takarda ɗaya, yara nawa ka shigar jarrabawa a shekaru ukun nan, nawa suka samu kiredit a lissafi, nawa kake kashewa a kuɗin adaidaita kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, nawa kake kashewa yau. Kada ka ce masa ana zaluntarka, kada ka ambaci albashin wani, ka faɗi adadin da kake so da bakinka, lamba takamaimai ba "a duba ni" ba, don "a duba ni" amsarta kullum "za'a duba" ce.

Ka kuma sani cewa dubu 58 ɗin nan tana ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, dubu 70 aka sa wa hannu a Yulin 2024, kuma dokar bata tsaya kan ma'aikatan gwamnati ba, ta hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Ƙirga ku nawa ne har da masu gadi da masu shara da direban bas. Ba cewa nayi ka shiga kana karanta masa doka kamar lauya ba, mun san yadda ake bin doka a makarantun kuɗi, amma ka ambata sau ɗaya a hankali don ya san ka sani.

In yace wallahi ba hali, kuma yana iya zama da gaskiyarsa don iyaye da yawa basa biyan kuɗin makaranta sai an kori yaro, to kada ka tashi hannu rabbana. Ka tuna matsalarsa ba dubu 20 ɗinka bace, tsoron sauran 29 yake. Sai ka buɗe masa ƙofar da zai baka ba tare da kowa ya ce nima ba. Ya baka muƙamin shugaban sashen lissafi da kimiyya mai alawus ɗinsa daban. Ko ya ɗaura wa kyautar kanta kuɗi, ace daga bana duk wanda ya zama gwarzo yana da albashin wata guda ko biyu a kai, wannan ma sauran malamai zasu yi murna don gasar ta samu mai. In kana da yara su shiga makarantar kyauta ko rabin kuɗi, shi kujera ɗaya ce a aji ba abin da ta rage masa, kai kuwa kuɗi ne tsababa. Ko ya baka aji ɗaya da yamma da ranar Asabar kayi lesin na masu shirin jarrabawa ku raba abin da aka samu. Sannan ko me ya faru kada ka fito ba tare da ya yarda zai baka wasiƙa a takardar makaranta mai hatimi ba, wadda ta faɗi shekarun da ka ci kyautar da dalilin da yasa aka baka. Allo a falo yake zama yana shan ƙura, wasiƙa kuwa tana shiga ambulan ɗin neman aiki.

A gefe guda kuma, shiru-shiru ba tare da ko abokin naka ya ji ba, ka gyara takardunka ka kai makarantu biyu ko uku da suka fi taku biya. Ba abin da ke motsa mai makaranta kamar yaji wata makarantar ta taya malaminsa, a ranar ne kuɗin da babu suke fitowa. Amma dan Allah kada kayi barazanar tafiya in baka da wajen zuwa a hannu, na ga wanda ya gwada haka aka ce masa to Allah ya kiyaye hanya, ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko, ga mata ga yara. In tayin ya zo kuma ya fi, ka faɗa masa da ladabi ka bashi dama ya daidaita, in ya kasa ka bada notis yadda ya kamata ka ƙarasa wa yaran zangonsu ka tafi da mutuncinka, shekara tara ba kwana tara bace, ba wanda zai ce ka ci amana.

Wani abu kuma da zan faɗa maka ko ba zai maka daɗi ba. Ka bincika zuciyarka ko allon nan ya riƙe ka fiye da yadda kake zato. Mutum in ana kiransa gwarzo a waje ɗaya yana jin nauyin zuwa inda zai koma sabon malami ba wanda ya san shi, kuma wannan jin nauyin shine ainihin abin da mai makarantarku ya saya da dubu 20 ɗinsa. Na san wani dattijo abokin aikina na da, falonsa bango guda duk alluna ne da satifiket, har da agogon bango da aka bashi ranar sallama wanda ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma tun ban san yaushe ba, in ka ziyarce shi sai ya bi dasu ɗaya bayan ɗaya yana baka tarihi, kuma wallahi fuskarsa haske take yi, ban isa in ce masa ba komai bane. Amma a gidan haya yake bani tarihin.

Ranar biki in an kira sunanka ka tashi ka sa babbar rigarka ka karɓa da hannu biyu, ka tsaya a ɗauki hoton da kyau fuskarka da rubutun allon duk su fito. In an gama kada ka sulale ka tafi gida kamar yadda nake zargin kana yi, ka tsaya bakin ƙofa wajen da iyaye ke fita, duk wanda ya miƙo hannu yace Malam sannu da ƙoƙari ka gaisa dashi a tsanake ka tambayi sunan ɗansa da ajinsa, wanda ya nemi lambarka ka bashi. Ka tafi da maiɗakinka ma in zata yarda, ta zauna cikin mata, ita zata fi ka jin wacece ke neman mai yi wa yaranta lesin.